Barandar gidanmu ta tsufa, daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Barandar da ke gaban gidanmu ta yi muni. Fentin bango yana ɓarewa daga ƙasa, tayil yana santsi idan an yi ruwa, ga ƙwan fitila guda ɗaya fari fat da ke tara ƙwari. Daga bango zuwa bakinta bai wuce mita 2 ba. Sau biyu muna sake fenti, ba ya shekara sai ya koma yadda yake. Ina so ta yi kyau har a riƙa zama a cikinta, amma kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba. Me zan fara yi, me zan bari? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, kada ki sayi ko gwangwanin fenti ɗaya tukuna. Ki jira ranar da aka tafka ruwan sama, ki tsaya a barandar ki ga inda ruwan yake bi da inda yake kwanciya. Idan ba lokacin ruwa ba ne, ki kwara bokiti biyu a gindin bango ki zuba ido. Idan fenti ya ɓare daga ƙasa har sau biyu, laifin ba nasa ba ne. Danshi ne ke shiga bangon, idan rana ta buga ya nemi hanyar fita, sai ya turo fentin waje. Ko sau goma aka sake shafawa, haka za a yi ta yi.

Yawanci danshin ta hanya uku yake zuwa. Ko dai daɓen barandar ya karkata zuwa bango maimakon waje, ko ruwan da ke zuba daga bakin rufi yana faɗowa ƙasa yana fantsamo wa bango, ko kuma bangon ne ke tsotso shi daga ƙasa. Daɓen da aka yi daidai yana gangarawa waje da kamar santimita 2 a kowace mita, wato a baranda irin taki bakin ya kamata ya yi ƙasa da gindin bango da kusan santimita 4. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma ruwa yana gani. Matsalar bakin rufi ita ce mafi sauƙi: a sa indararo da bututun da zai kai ruwan nesa da tushen gini. Idan kuwa daga ƙasa yake tasowa, za ki ga wani farin gari kamar gishiri a jikin filasta, kuma wannan sai an kira magini ya duba, ba aikin mai fenti ba ne.

Bayan an toshe hanyar ruwa, a kankare duk fentin da ya saki har a kai ga filasta mai ƙarfi, a bar bangon ya sha iska. Ga yadda za ki gane ya bushe: ki manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a bangon, ki rufe gefenta duka da salatif, ki bar ta kwana ɗaya. Idan kin ɗaga kin ga raɓa a ƙarƙashi, da saura. Inda aka yi sabuwar filasta kuma a ba ta kamar kwana 28 kafin fenti ya hau, a fara da firaima, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama bango, sannan fentin waje na ruwa, shafi biyu. Fentin mai, mai ƙyalli, yana burge ido a ranar farko, amma yana rufe bango ruf ya kulle danshi a ciki. Idan gidan tsoho ne sosai, a yi hattara wajen kankarewa, domin tsoffin fenti da yawa suna da dalma, wadda ƙurarta ke cutar da yara. Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma ba ko'ina aka yi haka da wuri ba. A jiƙa wurin kafin a kankare, a nisantar da yara.

Tayil ɗinki, bisa ga bayaninki, na cikin ɗaki ne aka shimfiɗa a waje. Ki ɗauki makulli ki ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara kamar babu komai a ƙarƙashinsa ya rabu da siminti, kuma ruwa na taruwa a nan. Idan irin waɗannan suna da yawa, to nan ne zan ce ki zuba mafi yawan kuɗinki, don a ɗaga su gaba ɗaya a gyara gangaren daɓen a lokaci guda. Wajen sayen sabo ki nemi mai kaushi, ki duba kwalin ko akwai alamar R10 ko R11, ma'aunin hana santsi ke nan. Idan tayil ɗin na nan daram, ki bar shi, ki manna zirin roba mai kaushi a bakin kowace matakala, ki sa tabarmar roba a ƙofa. Matakala kuma tsayin kowace ya zama ɗaya, tsakanin santimita 15 zuwa 18. Wadda ta fi 'yan'uwanta ko da kaɗan ita ke ka da mutum, musamman tsofaffi da dare.

Maganar fitila ba ta da tsada. Ƙwari sun fi bin haske mai shuɗi-shuɗi, irin na farin ƙwan nan naki. Ki canza shi da LED mai rubutun 2700K ko 3000K, wanda haskensa ya ɗan yi rawaya. Ba zai kore su duka ba, amma za su ragu, fuskar gidan ma ta fi laushi. Ƙananan fitilu biyu a bango sun fi babba ɗaya a tsakiyar silin, kuma kada a sa su daidai saman inda ake zama. Gidan fitilar ya zama na waje, aƙalla mai lambar IP44, wanda feshin ruwa ba ya shigarsa, kuma mai aikin lantarki ya haɗa.

Sai ado, wanda na san shi kike ɗoki. A nan shawarata ki riƙe hannunki. Baranda mai mita 2 ba ta ɗaukar kaya da yawa, kuma dole a bar hanya ta kamar santimita 90 daga matakala zuwa ƙofa. Kujeru biyu da ɗan teburi a gefe guda, ko benci ɗaya a jikin bango, sun isa. Alminiyom ba ya tsatsa. Ƙarfe yana son fenti lokaci-lokaci, katako kuma kada ƙafarsa ta zauna cikin ruwa, don ruɓewa da gara daga nan suke farawa. Launi kada ya wuce uku: mai haske a bango da silin, wani a ginshiƙai da gefen taga, sannan mai ƙarfi guda ɗaya a ƙofa, tunda ita ido ke fara sauka a kai. Sai dai idan rana na dukan ƙofar kai tsaye, launi mai duhu yana ɗaukar zafi kuma yana saurin koɗewa. Sabon mariƙin ƙofa da lambar gida da ake iya karantawa daga titi suna canza fuskar wuri fiye da yadda ake zato.

Shuke-shuke kuwa, manyan tukwane biyu sun fi ƙanana goma, waɗanda sai hana shara da tara ƙura. Ki lura da awa nawa rana ke shiga barandar kafin ki zaɓa: alobera na son haske sosai, moda kuma tana jure inuwa da ƙarancin ban ruwa. Kowace tukunya ta kasance da huda a gindi da faranti a ƙarƙashi, a kuma janye ta daga bango da kamar tafin hannu, kada ki dawo da danshin da kika kashe kuɗi kika kora. Ruwan da ya taru a farantin a riƙa zubar da shi, domin cikin mako guda ko fiye da haka kaɗan sauro ke iya ƙyanƙyashewa a ciki har ya tashi.