Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan littattafan Goethe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanwata, na saurari saƙonki tun da asuba, sai yanzu na samu sukunin amsawa. Kin ce kin tarar da littattafan Goethe jere a laburaren makarantarku, sun cika kanta guda, kin rasa ta ina za ki kama. To saurara, don ni ma ta wannan ƙofar na shiga adabin Jamusawa.

Kada yawansu ya ba ki tsoro. An haifi mutumin nan a Frankfurt a 1749, ya rasu a Weimar a 1832, kuma tun yana saurayi alƙalami bai bar hannunsa ba. Da aka tattara duk abin da ya bari, har wasiƙunsa, sai da ya kai mujalladi 143. Bugun Hamburg da aka tace kuwa 14 ne. Ba wanda ya ce ki fara daga na ɗaya ki bi layi.

Ki fara da Werther, na 1774. Ɗan siriri ne, kwana biyu kin gama. Wasiƙun wani saurayi ne da ya kamu da son Lotte, yarinyar da aka riga aka yi wa baiko. Akwai wurin da ya fara ganinta, tana tsaye da burodi a hannu tana yanka wa ƙannenta, kowa daidai shekarunsa, suna ta miƙa hannu. Wallahi da na kai nan sai da na ajiye littafin, don yayarmu na gani tana raba mana abinci bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ita ma Lotte ɗin uwarsu ta rasu, ita ke riƙe da gidan. Amma in gaya miki tun yanzu, ƙarshensa ba daɗi, saurayin kashe kansa ya yi. Ki karanta da hankalinki a jikinki.

Daga nan ki nemi diwaninsa na 1819, wanda ya haɗa Gabas da Yamma. Eh, diwani, kalmar da kika sani a makarantar zaure ita ya sa masa. Ya haura shekara 60 lokacin da fassarar waƙoƙin Hafiz, mawaƙin Shiraz ta ƙasar Farisa, ta shigo hannunsa, sai ta tafi da hankalinsa. Ya zauna yana amsa wa mutumin da ya rasu fiye da shekara 400 kafin lokacin, kamar abokinsa ne na hira. Ya karanta fassarar Alƙur'ani, har ya riƙa gwada rubuta haruffan Larabci da hannunsa. Ni nan ne zuciyata ta fi kwanciya da shi, domin ba kallon raini ya yi wa ilimin Gabas ba, zaman ɗalibi ya yi. A Weimar yau akwai kujerun dutse biyu suna fuskantar juna, ɗaya tasa ɗaya ta Hafiz, tun shekarar 2000.

Faust ki bar shi sai kin saba da muryarsa. Labarin malamin da ya sha karatu har ya ƙoshi amma ransa bai natsu ba, baƙin kare ya biyo shi gida ya rikiɗe ya zama shaiɗan, suka ƙulla yarjejeniya da ɗigon jini. Kashi na ɗaya ya fito a 1808, shi za ki karanta. Na biyun sai bayan rasuwarsa aka buga, kuma yana da nauyi ƙwarai.

Abin da ya sa nake son tarin gaba ɗaya, yana kai ki wajen wasu. A cikin wasiƙunsa na haɗu da Schiller, amininsa daga 1794 har Schiller ɗin ya rasu a 1805, suna gyara wa juna rubutu ba ɓoye-ɓoye. Ta nan na koma neman wasannin kwaikwayon Schiller.

Batun harshe kuma, ni a fassarar Turanci na karanta, ba sai kin iya Jamusanci ba. Sai dai ki duba waƙoƙin a fassara biyu, don mafassara kan sha bamban. Gobe in kin je laburaren, ki ɗauko mini hoton bangon mujalladan ki turo nan, in nuna miki wanda Werther yake ciki.