Amsa ga Kawu kan ɗan hayarmu mai bin Buddha

Kawu, ina gaisuwa. Ka tambaya ta waya yadda muka yarda mai bin addinin Buddha ya kama ɗaki a gidanmu na Jos, har muke sauraron rigimar ƙungiyoyinsu. A Kano abin zai yi maka banbarakwai, amma mu nan tun zamanin haƙar kuza kakanninmu suke cuɗanya da Birom, Afizere, Yarbawa da Ibo. Rikicin 2001 da na 2008 sun raba unguwanni, duk da haka ɗan haya in yana biya kuma bai taɓa mutuncin gida ba, ba a leƙa ɗakinsa.

Mutumin ɗan Gana ne, makaniki. Safe da yamma yana maimaita "Nam-myoho-renge-kyo" a gaban wata takarda da suke kira Gohonzon. Tafarkin Nichiren ne, wani malamin Japan da ya rasu a 1282. Limaman Nichiren Shoshu, wata ɗariƙa ta wannan tafarki, suna da babban wurin ibadarsu, Taiseki-ji, a gindin Dutsen Fuji. Soka Gakkai kuwa ƙungiyar mabiya ce da aka kafa a 1930, ta daɗe a ƙarƙashin limaman, har watan Nuwamba 1991 da babban limami Nikken Abe ya kore ta gaba ɗaya. Limamai suka ce shugabanta Daisaku Ikeda ya wuce gona da iri, 'yan ƙungiya kuma suka ce limamai sun mai da ibada hanyar tara kuɗi. A 1998 limaman suka rushe Shohondo, katafaren ginin da mabiya suka yi karo-karo aka gama a 1972. Wannan ne har yau ɗan hayar namu ba ya iya faɗa ba tare da muryarsa ta sauya ba.

Da can yana ɓangaren limamai, daga baya ya koma Soka Gakkai. Ya ce bai yarda sai limami ya sa albarka kafin ibadar talaka ta karɓu ba. Abokan da suka shekara suna karatu tare kuwa sun daina amsa gaisuwarsa.

Kawu, ai mu Jasawa ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A garin nan Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978, kuma ka san gidajen da ɗa ya daina bin mahaifinsa salla, kafin ita kanta Izalar ta rabu Jos da Kaduna. Ban ce aƙidarmu da tasu ɗaya ba ce, Allah ya kiyaye. Zafin rabuwar ne na gane.

Batun abinci da ka yi kuma, yana cin nama, da Sallah muna aika masa da ƙafar rago. Nasa naman a wurin mahautanmu yake saye, don haka in ya miƙo, muna ci. A gaida Inna da yara.