Waldar kas tana sake tsagewa: ko injin buga ƙarfe ne mafita?

Tambaya: Ni mai walda ne a Talata Mafara. Manoman rani na Bakolori sukan kawo mini gidan famfon injin ban ruwa na kas, wato ƙarfen zubi, da ya tsage, in ɗinke shi da rodin waldar da nake yin ƙofa da taga da shi, amma kafin ya huce sai in ji ya yi ƙara, ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Na kuma ji labarin injin da ke buga kayan ƙarfe daga zanen kwamfuta. Shin shi ne mafita?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Matsalar daga halin ƙarfen take. Kas yana ɗauke da sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin 100, alhali ƙarfen ƙofa bai cika wuce kashi 0.3 ba. Idan wuta ta narkar da wuri ɗaya sauran jikin yana sanyi, gefen ɗinkin yakan huce da sauri ya yi tauri kamar gilashi, shi kuma ɗinkin yana tsukewa yana jan ƙarfen da ba ya miƙewa, har ya fashe. Ƙarar da kake ji ke nan.

Ka fara huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar domin kada ta ci gaba, ka goge ta har ta yi kwari, sannan ka gasa jikin gaba ɗaya a hankali a kan gawayi. Ka nemi rodin nikel ko da ya fi tsada, ka riƙa yin ɗinki gajere, kamar santimita 2 ko 3, kana bubbuga shi da ƙaramar guduma tun da zafinsa. In ka gama, ka binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya kwana, kada ruwa ya taɓa shi. Ni dai ga gidan famfo na fi son liƙi da rodin tagulla a wutar kabaid, wato waldar gas, domin tagullar tana narkewa a wajen digiri 900, tun kas ɗin bai kai ga narkewa ba.

Shi kuwa injin buga ƙarfe, walda ce yake yi, sai dai hawa-hawa. Wani nau'insa yana shimfiɗa garin ƙarfe siriri ƙwarai, hasken leza ya narkar da inda zane ya nuna, a sake shimfiɗa wani a kai. Wani kuma hannun inji ne riƙe da wayar walda yana ɗora ɗinki bisa ɗinki, kuma da haka aka gina gadar masu tafiya a ƙasa mai tsawon mita 12 da aka buɗe a birnin Amsterdam na ƙasar Holland a 2021. Kamfanin GE na Amurka ma ya yi amfani da injin buga ƙarfe ya mayar da guntaye 20 na bakin feshin mai na injin jirgin sama abu guda. Amma tsukewar da ke damunka tana damun wannan injin, shi ya sa galibi ake sake gasa abin da ya buga, ga tsada, ga buƙatar lantarki marar yankewa, kuma kas ba ya cikin ƙarafan da aka saba bugawa.

Inda fasahar za ta amfane ka shi ne idan gidan famfon ya farfashe kuma babu irinsa a kasuwa. Ƙaramin injin buga roba zai iya fitar da siffarsa, masu zubi su danna ta cikin yashi su zuba sabo, muddin an ɗan ƙara girman siffar saboda tsukewar ƙarfe idan ya huce.