Tambayi Baba: Shin akwai kangon Tsumburbura a kan Dala?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Shekarata 22, a Hotoro aka haife ni, amma ban taɓa hawa Dutsen Dala ba. Abokaina sun ce a can ƙololuwa akwai kangon gidan Tsumburbura, wai in dare ya yi ana jin kiɗa da guɗa amma ba a ganin masu yi. Mu huɗu muka shirya hawa bayan isha'i da tocila mu ɗauki bidiyo. Da Umma ta ji, ta ce ba da yawunta ba. Da gaske akwai kangon? In je ko in haƙura? Ɗanka daga Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Hawan dare dai ka janye shi. Umma ta riga ta yanke, ni kuma ina bayanta. Amma Dala kam sai ka hau, domin abin kunya ne a ce Bakano ya kai shekarunka bai taɓa tsayawa a kansa ya dubi garinsu ba.

A gindin dutsen nan na tashi, wajen Madigawa. Na hau shi ba adadi, kuma ina tabbatar maka babu wani kango a sama. Fili ne shimfiɗaɗɗe, jar ƙasa da tsakuwa, sai iska. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce wurin tsafin Tsumburbura, abin bautar mutanen Kano kafin Musulunci, wata bishiya ce mai suna Shamuz da aka zagaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, shugaban masu tsafin. Shi Barbushe a kan dutsen yake zaune, kwana biyu kawai yake saukowa a shekara, jama'a su taru daga ko'ina da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Ka lura da kyau, saukowa yake yi ya je wurin. Ke nan abin da abokanka za su hau nema a sama, ko a zamaninsa ba a sama littafin ya nuna yake ba. Sarkin Kano Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya yaƙi masu tsafin ya rushe wurin. A zamanin ɗansa Yaji kuma Wangarawa suka zo daga Mali, sarki ya karɓi salla. Katangar ƙasa da aka rushe kusan shekara 700, damina nawa ta dake ta?

Batun kiɗa kuwa, ni ma na taɓa jin sa. Ina ɗan shekara tara muka makara a sama ni da yayana, har aka kira magariba. Kiran sallar ya taso ta gabas da yamma, kudu da arewa, kamar garin duka baki ɗaya ne. Da ya lafa sai na ji kalangu da guɗa a kusa da kunnena, na waiga ba kowa. Ƙafata ta ɗauki rawa, na cafke rigar yayana har maɓalli ya tsinke. Shi kuwa sai ya kama kaina ya juya ni, ya nuna mini wani gida can ƙasa wajen Adakawa da aka kunna fitilun aci-balbal a ƙofarsa. Biki ake yi. Sauti hawa yake yi, iska ta kawo maka shi har inda kake tsaye.

Ban ce babu aljanu ba, Alƙur'ani ya ba su sura guda. Abin da nake cewa shi ne, ba a ɗora musu abin da ba a gani ba, ba a kuma fita farautarsu da kyamarar waya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da wanda ya sauka a wani wuri ya ce "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ". Ka riƙe ta.

Abin da nake ji maka tsoro da dare mutum ne da rami. Ruwan sama ya zaizaye gefunan dutsen, akwai inda in ƙafa ta zame ba abin kamawa. Wuri mai duhu da ba mai gadi kuma ka san irin waɗanda ke fakewa a cikinsa, wayarka ma ta ishe su dalili. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Dutsen da masana suka tono murhun narka tama na wajen ƙarni na 7 a gindinsa, murhun da ya girmi zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, a 999, yau baƙar leda ce ke maƙale a jikinsa, wasu ma sun mai da shi makewayi. Mu muka yi masa haka, ba mutanen ɓoye ba.

Ka koma wajen Umma ka durƙusa, ka ce ka fasa na dare, kana neman izinin na safe. In ta amince, ku tafi da hantsi kafin rana ta yi zafi. Ku bi matakalar siminti, kada ku yanke ta gefe. Ka sa takalmi mai riƙe ƙafa, ba silifa ba, ka ɗauki ruwa, ka sauko da robarka. Ku gai da dattawan da ke zaune a gindin dutsen. In tana son ku shiga cikin jama'a, ku jira ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, lokacin da yara da manya ke cika dutsen. A irin wannan rana kakata ta fara hawa da ni, tana riƙe da tsintsiyar hannuna, tana hutawa a kowace kwana.

In ka isa sama, ka nemi koren ƙubbar babban masallacin cikin gari, Gidan Rumfa na gefensa, sannan ka juya yamma ka ga Goron Dutse. Ka ɗauko mini hoton ɓangaren Madigawa ka aiko ta wannan shafi. Shekara uku ke nan ciwon gwiwa ya hana ni hawa, ina so in ga ko rufin gidanmu na nan.