Tambayoyin Masu Karatu: Sauya Hob ɗin Gaba a Mota Mai Giyar Taimako

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Nissan D22 mai buɗaɗɗen baya, da ita nake kai taki gona wajen Sandamu. Hob ɗin gabanta mai kama kansa ne. Kwanan nan idan na kafe a rairayi na sa taimako, ina yin gaba ina yin ribas, sai in ji ƙaras-ƙaras a tayar gaba amma ba ta ja. Bakanike ya ce in sa hob mai murɗawa da hannu. Ya cancanci kuɗinsa? Daga mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bakanikenka ya ba ka shawara mai kyau, kuma ga dalili.

Hob shi ne abin da ke cibiyar tayar gaba mai haɗa taya da shaf, wato ƙarfen da ke juya ta. Mai kama kansa ba ya kullewa sai shaf ya fara juyawa ya turo haƙoran ciki sun shiga juna, kuma da ribas ake sakinsa. To ka ga matsalar: duk lokacin da ka koma daga gaba zuwa baya a cikin rairayi, yakan saki na ɗan lokaci sannan ya sake kamawa, alhali ƙafarka na kan totur. Wannan bugun ne ke cinye bakin haƙoran har su zama sulɓi, shi ne ƙarar da kake ji. Kuma da hob ɗaya ya kasa kamawa, shi ke nan gaban ya tashi aiki, domin ƙarfin duk zai zurare ta gefen da ba ya riƙe komai. Mai murɗawa kuwa, da ka juya shi daga FREE zuwa LOCK, ya kama ke nan har sai kai ka sake shi.

Kada ka je kasuwa da sunan mota kawai. A kwance tsohon hob, a ƙirga haƙoran da ke bakin shaf. Nissan irin taka yawanci 28 ne, tsohuwar Hilux mai aksul ɗin gaba guda 30, wadda ta biyo ta mai shaf biyu a gaba kuma 26. Daga waje duk kusan kama ɗaya suke, da ramukan noti shida, shi ya sa ake yawan sayo wanda ba ya shiga. Ka tafi da tsohon a hannu, ko nan Katsina za ka nema ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ka sayi biyu iri ɗaya. Aisin da AVM da Warn sunaye ne da aka sani. A ganinmu Aisin da aka taɓa amfani da shi mai lafiyayyun haƙora ya fi sabo marar suna nesa ba kusa ba. Ka murɗa shi a shagon: ya kamata ya tafi sumul ya tsaya ƙas a kowane ɓangare.

Wajen ɗaurawa, a sa giyar taimako a 2H, wato inda tayoyin baya biyu kaɗai ke ja, a ɗaga gaban da jak a tokare. A kwance noti shidan, a zare ɗan zoben ƙarfen da ke riƙe bakin shaf, a fitar da washa da sauran kayan tsohon hob, don yawancinsu ba su da aiki a sabon. Tunda an riga an buɗe wurin, a girgiza taya sama da ƙasa a ji boris. Sabon hob a kan boris mai wasa ba ya daɗewa. A kankare tsohon gaskit tas, a sa sabo, a zura jikin hob, sannan a mayar da zoben. Nan ne masu gaggawa ke kuskure: shaf yakan ja baya ramin zoben ya ɓuya, sai a turo shi daga baya har zoben ya faɗa raminsa sosai. A ɗaure notin ɗaya nan ɗaya can kamar na taya. A Aisin na Toyota ma'aunin ƙarfin ɗauri shi ne Nm 31 ga notin jiki, Nm 10 ga ƙananan na murfi, wato ɗaurin murfi na yatsa biyu ne a kan sifana, ba na ƙarfin damtse ba. A sa murfin yana kan FREE.

Sai batun giris, wanda ya fi kashe hob a gareji. Mun saba da cewa yawan giris alheri ne, amma a nan ba haka ba ne. Ɗan sifirin ne ke tura haƙoran ciki, idan aka danƙara giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya yi kauri, sifirin ba zai iya tura su ba. Murfi zai nuna LOCK, ciki kuwa bai kama ba. Shafe-shafe kawai ake yi da yatsa, yadda za ka iya ganin ƙarfen ta cikinsa.

Kafin a sauke jak a gwada. A LOCK, ka juya taya da hannu, za ka ji ƙas, shaf ya bi ta. A FREE taya ta juya ita kaɗai. Bayan tafiyar kwana biyu a sake taɓa notin.

TAMBAYA: Hilux ɗina ƙirar 2012 ce, ina so in sa irin wannan hob don rage shan mai. Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Malam, ka riƙe kuɗinka. Hilux daga 2005 zuwa sama shaf ɗinta kai tsaye yake shiga cibiyar taya a ɗaure da babban noti guda, babu mazaunin da hob mai murɗawa zai zauna sai an sauya cibiyar da boris ɗinta gaba ɗaya. Man da za a rage kaɗan ne, iskar taya daidai da sabuwar matatar iska za su fi yi maka amfani.

TAMBAYA: Da damina zan iya barin hob a LOCK kullum? Sauka a taɓo don murɗawa akwai wahala. Daga Mai'aduwa.

AMSA: Za ka iya, matuƙar giyar tana 2H idan ka hau kwalta, ɗan ƙarin ƙara da nauyin sitiyari kawai za ka ji. Abin da ke ɓarna shi ne LOCK tare da 4H, wato inda tayoyi huɗu ke ja, a kan busasshiyar kwalta, domin waɗannan motocin ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, wajen shan kwana sai shaf ya murɗe. Kada kuma ka jefa 4H mota na tafiya alhali hob na FREE, giya za ta yi kuka. Ka murɗa duka biyun tun a bakin kwalta, kafin ka gangara fadama. Idan ruwa ya haura cibiyar taya, a buɗe murfi a duba: giris mai launin madara alamar ruwa ya shiga ne, a wanke da kananzir a sake shafawa. Da rani ma ka kulle su sau ɗaya a wata ka yi kamar kilomita 10 a 2H, don mai ya zagaya kayan gaban.