Amsa kan kalmar "quedar": kada ka nema mata kalma ɗaya a Turanci

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kamfanin da kuke sayen tayil a wurinsa a Castellón ta ƙasar Sifaniya ya aiko da wasiƙa da Sifaniyanci, maigidanka yana so ka mayar masa da ita Turanci, kuma kalmar quedar ta fito har sau huɗu, ƙamus kuwa "stay" kawai ya ba ka. Ga layukan kamar yadda ka liƙo su: "Quedamos en 300 cajas. Quedan 80 por enviar. Si no confirma antes del viernes, se las queda otro cliente. Quedo a la espera de su respuesta."

A cikin layukan nan huɗu babu inda "stay" za ta shiga, ko guda. Na daɗe ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a Malabo ta ƙasar Equatorial Guinea, inda Sifaniyanci yake harshen gwamnati, kuma har yau ana turo mini wasiƙun kamfanonin Sifaniya in duba. A wannan aikin ban ga kalmar da ke rikita sababbin masu fassara kamar wannan ba. Dabarar da nake bi ita ce in daina kallon quedar ɗin kanta, in kalli maƙwabtanta: me ya biyo bayanta, me ya gabace ta, wa ke yin aikin. Mu Hausawa bai kamata abin ya ba mu wuya ba, domin haka "ci" take a wurinmu. Cin tuwo daban, cin jarrabawa daban, cin amana daban, kuma babu Bahaushen da zai fassara su da kalma ɗaya.

Layin farko, quedar ce tare da en, wato an yi magana an tsaya a kan abu. Turancinsa "We agreed on 300 boxes." Amma lura da wani tarko: quedamos siffa ɗaya ce ga abin da ya wuce da abin da ake ciki yanzu. Tana iya zama "mun tsaya a kan kwali 300", tana iya zama "to mu tsaya a kan 300". Tunda layi na biyu yana maganar ragowar kaya, an riga an yi cinikin ke nan, sai ka sa "agreed".

Layi na biyu shi ne mafi kusa da tushen kalmar, wato saura. Quedan 80 por enviar, saura kwali 80 ba a aiko ba, "80 are still to be shipped." Kwalayen ne ke yin aikin a jimlar, shi ya sa aka ce quedan da jam'i. Haka za ka ji mai shago ya ce no queda arroz, shinkafa ta ƙare, ko me quedan diez euros, saurana yuro goma.

Layi na uku shi ne wanda nake so ka buɗe ido a kansa. Idan ƙaramar kalmar nan se, ko me, ko te, ta manne wa quedar, ta koma quedarse, kuma nan ne kaɗai "stay" take samun gurbi, kamar me quedo en casa, zan zauna a gida. Sai dai idan akwai wani kaya a cikin jimlar, ma'anar ta koma riƙewa ko ɗauka. Mai saye ya gwada takalmi ya ce me lo quedo, nufinsa na saya, "I'll take it." Fasinja ya ce wa direban tasi quédese con el cambio, ya bar masa canji ke nan. Don haka se las queda otro cliente gargaɗi ne: wani mai saye zai kwashe kwalayen. Na taɓa ganin fassarar wata wasiƙa irin wannan da aka yi da manhajar waya, ta fito da "another client stays", mai sayen ya ɗauka surutu ne, kaya suka tafi hannun wani.

Layi na huɗu ladabin rufe wasiƙa ne kawai. Baturen Ingila ba ya cewa yana nan zaune yana jira, cewa yake "I look forward to your reply." Ɗan'uwansa quedo a su disposición shi ma haka, ka sa "Please let me know if you need anything further." A takardun yarjejeniya kuma za ka ga queda prohibido, nan quedar ba ta da wani nauyi, "is prohibited" ya wadatar.

Akwai sauran fuskokinta da za ka ci karo da su in ka fara magana da mutanen a waya. A Sifaniya idan aka ce ¿quedamos mañana a las diez? ana nufin mu haɗu gobe ƙarfe goma, su kuwa mutanen Meziko sun fi cewa quedamos de vernos. ¿Dónde queda el puerto? tambaya ce ta ina tashar jirgin ruwa take. Te queda bien, riga ta yi maka kyau. Quedarse sin dinero, kuɗi ya yanke. Ma'aikaci ya makara ya ce me quedé dormido, barci ne ya kwashe shi, "I overslept", alhali wannan jimlar a wani wurin "I fell asleep" ce. Ƙamusun hukumar harshen ta Madrid, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ya ce asalin kalmar daga Latin quietare ne, kwantar da abu ya natsu, dangin "quiet" ta Turanci. In ka riƙe wannan za ka ga zaren da ya haɗa su: yadda abu ya kwanta bayan an gama motsi. Daga nan ne ma toque de queda ta fito, dokar hana fita, irin wadda Sifaniya ta sa da dare a watan Oktoba na 2020 lokacin korona.

Ƙamusun nan kyauta yake a intanet amma da Sifaniyanci yake bayani. Don aikinka shafin WordReference ya fi sauƙi, sai Reverso Context ko Linguee da ke nuna jimloli gefe da gefe, in dai ka rubuta "quedar en" ko "quedarse con" gaba ɗaya, ba quedar tsurarta ba. Ni kuma kafin in taɓa Turanci sai na faɗi jimlar da Hausa a raina. Idan ta ƙi faɗuwa da Hausa, ban gane ta ba tukuna.

Ga wasiƙarka: "We agreed on 300 boxes. 80 are still to be shipped. If you do not confirm before Friday, another customer will take them. I look forward to your reply." Kada ka jira ka gama gyara rubutu, kira maigidan yau ka gaya masa maganar Juma'ar nan. Antes del viernes kafin Juma'a ne, don haka ku amsa musu zuwa Alhamis.