Tambaya da Amsa: An ce an cire kuɗin fito, me ya sa kayana ke kwana a boda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin hatsi da kayan gwari kaɗan-kaɗan ina kaiwa ƙasar da muke maƙwabtaka. Ana ta cewa ƙasashen biyu sun yi yarjejeniyar cire kuɗin fito, amma duk zuwa sai an tsare kayan, kuma sai na biya. Ina matsalar take?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kuɗin fito kaɗai yarjejeniyar ke ɗaukewa, shi ma sai an tabbatar cewa a ƙasar da ke cikinta aka noma kayan ko aka ƙera su. Takardar shaidar asalin kaya ce ke tabbatar da haka. Inda doka ta nemi takardar kuma babu ita, jami'in kwastam zai caje ki kamar kayan sun fito daga wata uwa duniya. Harajin VAT da kuɗin duba kaya kuwa galibi suna nan daram.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin takarda ba ya duba yawan kaya. Tirela mai tan 30 tana ɗauke da buhu 600 masu kilo 50. Ke kuma buhu 10 ne. Idan ke da mai tirela kuka biya kuɗi iri ɗaya na takarda da na ejan (mai cike wa 'yan kasuwa takardun kwastam), nauyin da ya hau kowane buhunki ya ninka na mai tirela sau 60. Ga jira: hatsi zai jure kwana biyu a rana, kayan gwari kuwa asara ce. Shi ya sa masu ƙaramin jari ke bin ɓarauniyar hanya, inda ake ƙwace kaya, ake cin zarafin mata, kuma ba wurin kai ƙara. Wannan ba adalci ba ne, gyaransa kuma yana hannun gwamnatoci.

Kafin ki ɗora kaya a mota, ki san lambarsu a tsarin Hukumar Kwastam ta Duniya, wanda ya ba kowane irin kaya lambarsa. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne a ƙasashen da ke bin tsarin, kuma da lambar ake yanke haraji. Kuskure ɗaya zai iya jefa kayanki cikin rukuni mai tsada. Ki riƙe rasit ɗin sayayya mai nuna yawa da farashi, don idan babu shi jami'i ne zai ƙiyasta darajar kayan, kuma a nan ciniki ke shigowa. Amfanin gona yana buƙatar takardar lafiyar tsirrai daga ƙasar da ya fito. Takan tsayar da mutane, domin ofishin da ke bayar da ita sau da yawa yana birni, nesa da iyaka. Ki kuma binciki lokacin tashi na ofisoshin ɓangarorin biyu, don ba lallai ya zo ɗaya ba.

Duk abin da kika biya, ki karɓi rasit na hukuma. Yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2017, ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita wallafa kuɗaɗe da ƙa'idojin iyaka, don haka kina da hurumin neman a nuna miki a rubuce.

Akwai inda aka rage wahalar. A ƙungiyar COMESA ta gabashi da kudancin Afirka, wasu ƙasashe suna barin kayan da ba su wuce dala 2,000 ba, waɗanda ke cikin jerin da suka amince da shi, su wuce da gajeren fom a kan iyaka. A Chirundu, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, tun 2009 tsayawa ɗaya ake yi maimakon biyu. Ki tambaya ko iyakarku na da irin wannan tsari. Idan babu, ku haɗu ku biyar ko goma ta ƙungiyarku, ku shigar da kaya a takarda ɗaya, ku raba kuɗin ejan gwargwadon buhunan kowa.